Haruffa Biyu a Kan Esin Baba

Tun ina ƙarama Baba ya raɗa mini Donme, saboda ba a faɗa mini magana in bar ta ta wuce ban ce "don me?" ba. Sunan ya bi ni har shagona na ɗinki, inda mata ke leƙowa su ce, "Donme, an gama rigata?" alhali ba su san inda ya samo asali ba. Shi kuwa Baba, duk layinmu Hedimasta ake ce masa, duk da ya daɗe da ajiye alli. Makaranta kawai ya bari, hali yana nan. Da ya rasa ɗalibai sai ya mayar da mu ajinsa na ƙarshe: ni, da Yaya mai shagon tayil, da Inna wadda a cewarsa ita ce mai surutun bayan aji.

A gidanmu duk abin da yake da waya ko madanni na Baba ne. Fanka, firji, injin ruwa, har agogon bangon falo. Kana kai hannu za ka ji daga bayanka, "Wa ya aike ka?" Kuma ba ya aikinsa a gaban mutane. Sai da hantsi, bayan ni da Yaya mun fita, Inna ta shige kicin, sannan zai naɗe hannun riga ya bi kayan gidan ɗaya bayan ɗaya. Mu dai mu dawo mu tarar komai yana aiki, har muka ɗauka haka aka halicce su. A cikin kayan nan babu ɗan lelensa kamar esin ɗakinsa, na'urar sanyaya ɗaki da ke manne a bango saitin gadonsa. Rimot ɗin ma a cikin leda yake, don kada maiƙon hannu ya ɓata shi.

Sai ga ciwon shanyewar ɓarin jiki ya faɗo masa rana ɗaya. Ya ɗauke hannun dama da ƙafar dama, ya ɗauke magana. Mutumin da in ya fara bayani sai shayi ya huce a kofi, aka dawo mana da shi daga asibiti da kalma ɗaya tak a bakinsa: "To." Yunwa "to", ƙishirwa "to", gaisuwa "to". Mun ba shi biro ko zai rubuta da hagu. Ya daɗe yana kallon takardar, ya yi wasu 'yan zane-zane kamar sawun kaza, ya cilla biron ƙarƙashin gado. Likita ya ce haka ciwon yake yi wa wasu, ya tafi da rubutu tare da magana. Abin da bai iya faɗa mana ba shi ne ko hankalin Baba yana nan daram, ko shi ma ya taɓu. Ya ce wannan mu da muke tare da shi za mu fi shi ganewa.

Ni a raina Baba yana nan. Yaya kuwa ya riga ya sare. Kada in yi masa sharri, shi ke ɗaga Baba, shi ke masa wanka da aski, bai taɓa yamutsa fuska ba. Amma ya daina yi masa magana. Zai tsaya a kan Baba ya tambayi Inna, "Ya ci abinci? Ya yi barci?" kamar mai tambayar lafiyar jariri. Wannan abin yana ƙona mini rai, sai dai ba ni da hujjar da zan tare shi da ita.

Ana cikin haka, a tsakiyar zafi, esin ya fito da sabon hali. A gaban murfinsa akwai wurin da lambar sanyi take fitowa. Wata safiya lambar ta ɓace, wasu haruffa biyu suka maye gurbinta, C da F, suna ƙiftawa. Sanyi dai yana bayarwa, sai dai ya ɗan yi nauyi, kamar mai numfashi da mura. Ni da Inna ba mu ma lura ba sai da muka ga idon Baba ya kafe a wurin.

"To!" in ji shi, yana nuna bangon da yatsa. "To, to!"

Daga nan ya fara wani abu da hannunsa na hagu. Ya buɗe tafi ya ɗaga sama a hankali. Ya haɗa yatsu biyu ya kama iska, ya ɗan tura, ya jawo ƙasa, ya koma gefe ya sake. Ya kaɗa hannun hagu da dama. Ya shimfiɗa tafin ya tsaya cak, ya daɗe a haka. A ƙarshe ya danna babban yatsa a kan bargo ya riƙe. Sai ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Sanyi yake ji," in ji Inna, ta kashe esin.

Baba ya bugi katifa.

"Au, zafi ne," ta kunna.

Ya sake bugun katifa, har da tsaki, wanda shi ciwon bai ɗauke masa ba. Na miƙa masa rimot, ina cewa ga kayansa ya yi yadda yake so. Ya dube shi, ya dube ni, ya tura shi ƙarƙashin filo, ya koma kan ɗaga tafi.

Kafin a ce kwabo gidanmu ya cika da masu fassara. Inna ta ce ɗaga hannun nan addu'a yake nema, muka yi ta addu'a yana hararar mu. Da ta kai ga babban yatsa sai ta fashe da kuka, wai wasiyya yake son bari, dangwale yake nema. Masu zuwa dubiya kowa da nasa ilimin. Wani maƙwabci ya ce iskar gas ɗin esin ce ta ƙare. Wata ƙawar Inna ta ce ita ta ji labarin wanda ya yi irin wannan ƙiftawa sannan ya kama da wuta, ta kuma ja kujerarta kusa da ƙofa. Yaya ya kira Mai Sanyi, mai gyaran esi na bakin titi, ya ce masa wata wuta ce take ƙiftawa. Mai Sanyi ya tambaya, "Yana sanyi?" Yaya ya ce yana yi. "To ku bar shi, in na samu sarari zan leƙo." Lokacin zafi kuwa ganin Mai Sanyi ya fi ganin likita wuya.

Shawarar filasta Yaya ne ya kawo ta. Ya ce ƙiftawar ce take ɗaga wa Baba hankali, abin da ido bai gani ba zuciya ba ta damuwa da shi. Ya yanko filastar da ake manna wa Baba auduga da ita, ya hau kujera ya rufe haruffan ruf. Inna ta ce ai shi ke nan. Baba ya kalli filastar, ya kalli Yaya, ya juya fuskarsa bango. Ranar bai karɓi cokali ko ɗaya ba. Washegari ma da ƙyar ya sha ruwa, kuma da zarar an shigo ɗakin zai sake ɗaga tafin nan, yanzu da ƙarfi, har gumi na keto masa.

Da safiyar da ta biyo Yaya ya kira ni falo, ya ciro wani ɗan kwali daga aljihu. Ƙwayoyi ne da likita ya rubuta tun ranar sallama, ya ce a ajiye, sai in Baba ya fara rikicewa yana neman ji wa kansa ciwo. Ya kuma gargaɗe mu cewa suna sa barci mai nauyi, mai shan su ba ya iya motsa jikin da ake so ya riƙa yi don ƙafar ta dawo.

"Yau da yamma zan fara ba shi," in ji Yaya. "Gane-gane yake yi, Donme. Kina gani yana kama abin da babu shi a iska."

"Don me kullum abu ɗaya yake kamawa?"

"Kin fara ko? Wannan ba lokacin don me ba ne."

"Yaya, in ka ba shi wannan, kwana zai riƙa yi yana wuni a kwance. Ƙafar da ta fara motsi fa?"

"In ban ba shi ba kuma yunwa ta kashe shi muna kallo? Kin ɗauka daɗi nake ji?" Ya juya yana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Na ce ya yi mini alfarma ya jira in dawo daga shago. Ya ce zuwa la'asar, daga nan babu ruwansa da tambayoyina.

Abin da ya hana ni yarda da Yaya, sana'ata ce. Ni tela ce, hannu nake kallo. Mace in tana kwatanta mini ɗinkin da ta gani a jikin wata, bakinta shirme yake yi, hannunta ne yake faɗa mini inda tattara take da inda aka saki. Hannun Baba kuwa na lura ba ya tsallake layi. Kullum ɗagawa ce farko, dannawa ce ƙarshe, bai taɓa sa kaɗawa kafin jawowa ba. Mai gane-gane ba ya bin tsari haka. Kafin in fita na shiga ɗakin, na hau kujera, na ɗaga gefen filastar na ɗauki hoton haruffan da wayata. Da na sauko na ga Baba ya juyo daga bango yana kallona, karo na farko tun da aka manna ta.

Ban buɗe shago ba ranar. Na wuce kai tsaye rumfar Mai Sanyi, na tarar da ita a kulle, tsofaffin injina jibge a ƙofa. Mai sayar da katin waya na gefe ya ce in duba shagon aski na ƙarshen layi, tun safe mai askin yake masa magiya. Na bi ta gaban kantin magani da wurin mai faci, rana tana dukan ƙeyata, ina ta juya haruffan nan a kaina. Me ya sa esin da ya lalace zai ci gaba da sanyi? Me ya sa mai rimot a hannu zai ɓoye shi ƙarƙashin filo?

Shagon askin cike yake da ƙamshin hoda da ƙarar injin aski. Mutum biyu a kan benci, ɗaya a kujera an yi masa rabin kai. A can ƙurya Mai Sanyi yana tsaye a kan wata doguwar kujerar katako, ya ba ni baya, yana fuskantar esin shagon. Na buɗe baki zan yi sallama, sai idona ya faɗa kan hannunsa.

Ya sa tafinsa ƙarƙashin murfin ya ɗaga sama a hankali. Ya haɗa yatsu biyu ya kama wani abu a ciki, ya ɗan tura, ya jawo ƙasa, sai ga wata siririyar raga ta fito, baƙi ƙirin da datti da gashi. Ya koma gefe ya jawo ta biyu. Ya sauko ya tsoma su a bokitin ruwa, yana kaɗawa hagu da dama.

Sak abin da hannun Baba yake yi. Na dafa ƙofa.

"Hajiya, aski ko kallo?" in ji mai askin, 'yan benci suka yi dariya.

Mai Sanyi ya waiwayo. "A'a, 'yar Hedimasta! Wallahi ina sane da ku, kin ga yadda aka sa ni a gaba. Yaya jikin Malam?"

"Da sauƙi. Bayan wannan kaɗawar, sai ka ajiye su ka jira, ko?"

"Sai sun bushe, eh."

"Daga nan sai ka danna wani abu ka riƙe."

Ya tsaya da raga a hannu yana kallona. "Ke kuma yaushe kika shiga sana'armu?"

Na nuna masa hoton. Ya matso da wayar kusa da ido, ya yi dariya har da buga cinya.

"Wannan ce wutar da yayanki yake faɗa? Ai da ya karanta mini haruffan da tuni an wuce wurin. Wannan ba lalacewa ba ce, tuni ne. Na'urar tana lissafa awannin da ta yi tana aiki. In suka kai adadin da masu ƙera ta suka sa mata, sai ta fito da wannan, wato lokacin wanke raga ya yi."

"Don me ba za ta bari sai ragar ta yi datti ba?"

"Irin wannan ba ta da idon ganin datti, lokaci kawai ta sani. Kamar uwa ce da ke cewa a je a yi wanka, ko ta duba ko ba ta duba ba. Kuma kowane kamfani da nasa haruffan, wani ma fitila ce kawai take kamawa. Shi ya sa nake cewa a karanta mini abin da aka gani."

"In aka ƙi wankewa fa?"

"Sai ragar ta toshe, iska ta kasa wucewa, sanyi ya ragu, injin ya yi ta wahala yana shan wuta. Ga shaida," ya ɗaga ragar da gashi ya yi wa gemu. "Wannan bawan Allah ya gano madannin da ake riƙewa haruffan su ɓace, shi ke nan duk sanda suka fito sai ya danna ya ci gaba da askinsa. Ya kashe mai tuni, ya bar dattin."

"Kai dai yi aikinka," in ji mai askin. "Ana biyan ka kana tona asiri."

A nan na gane maganar rimot. Baba ya fi kowa sanin madannin. Da ya so, da dannawa ɗaya ya kashe haruffan ya huta da mu. Amma Hedimasta ba ya ba da maki kafin a rubuta jarrabawa.

Mai Sanyi ya bi mini matakan da baki: a kashe daga bango tukuna, ruwa mara zafi, ban da burushi mai tauri, a shanya a inuwa don rana tana lanƙwasa robar, kada a mayar da ita da danshi. Ya ce in an gama haruffan suka ƙi tafiya, ko wasu daban suka fito, ko aka ga ruwa yana ɗiga, to wannan nasa ne, a kira shi.

"Amma ku da kuke da Malam a gida," ya ƙara, "ai bai taɓa kira na a kan wannan ba. Ranar da na kafa masa esin nan tsare ni ya yi sai da na nuna masa, sannan ya ce in koma gefe, ya yi da kansa ina dubawa. Ni da na zo aiki sai na koma mai sa ido a jarrabawa." Sai kuma ya tuna halin da ake ciki, ya rage murya. "Allah ya ba shi lafiya."

Na dawo gida kusan da gudu. Na tarar da Yaya a ɗakin Baba, kofin ruwa a hannu ɗaya, kwalin ƙwayoyi a ɗayan. Inna tana bakin gado ta yi tagumi.

"La'asar ba ta yi ba," na ce ina haki. "Ajiye kofin, ka hau kujera."

"Mai Sanyi ya ce me?"

"Ba zan faɗa maka ba. Baba ne zai faɗa maka."

Gaskiya kasada na yi da na faɗi haka. Da zan iya karanto masa komai a gama cikin sauƙi, amma da Yaya ya ce ni ce na gyara esi, Baba kuma sa'a ce ta sa hannunsa ya yi kama da aikin. In kuwa na bar wa Baba ya kasa, na san ƙwayar nan sai ta shiga bakinsa kafin magariba. Na durƙusa saitin fuskarsa na ce, "Baba, mun gane. Raga ce. Ga Yaya nan, ka nuna masa."

Baba ya lumshe ido ya buɗe. Ya yi wata doguwar ajiyar zuciya.

Yaya ya hau kujera yana gunaguni, ya ɓare filastar, ya kai hannu kan murfin. Baba ya bugi katifa. Yaya ya dube ni, wato kin gani ko. Amma yatsan Baba ba esin yake nunawa ba, makunnin bango yake nunawa, can gefen taga.

"A kashe?" in ji Yaya, ni yake tambaya.

"Ni ka ga na yi magana?"

Ya juya wajen Baba. "Baba, a kashe daga bango?"

"To," in ji Baba.

Rabon da Yaya ya yi wa Baba tambaya kai tsaye tun kafin asibiti. Inna ta miƙe ta kashe makunnin. Baba ya ɗaga tafi, Yaya ya ɗaga murfin, ya buɗe da 'yar ƙara. Baba ya haɗa yatsu biyu ya ɗan tura sama. Yaya ya laluba ya ja da ƙarfi, abu ya ƙi. Baba ya yi tsaki, ya sake nuna turawar, a hankali, yadda ake yi wa ɗalibi mai taurin kai. Yaya ya tura, ragar ta saki, ta zamo ƙasa da ƙunshin datti kamar bargo.

"La ilaha!" in ji Inna. "Waɗannan ne? Ai ina ganin su jingine a bayan famfo wani lokaci. Na zaci ragar taga ce Malam ya tsinto. Har na taɓa ɗaukar ɗaya zan rufe kwando, ya kusa cinye ni."

Kafaɗar Baba ta hagu ta girgiza. Sai da na duba da kyau na gane dariya yake yi.

Muka ɗora shi a kekensa na marasa lafiya muka tura shi baranda, inda yake hango famfon tsakar gida. Yaya ya naɗe ƙafar wando ya tsuguna. Ya jawo burushin wankin takalmi, "To!" ta fito da kaifi, ya saki burushin kamar ya taɓa garwashi. Ya kaɗa ragar a ruwa yana bin hannun Baba, baƙin ruwa yana gangarawa rariya. Ya kai su tsakiyar rana zai shanya, yatsa ya mayar da shi inuwar katanga. Ya ɗan jira, ya ɗauko ɗaya zai koma ɗaki, Baba ya shimfiɗa tafi ya tsaya cak.

"Amma ai ta kusa bushewa, Baba."

Tafin bai motsa ba. Yaya ya mayar da ragar, ya zo ya zauna a ƙasa kusa da tayar keken. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, mu kuwa kujera kawai muka hau, ita ma don mu manna filasta. Ni ma na zauna a gefe. Ina kallon hannun Baba a kan cinyarsa, ina tuna kwanakin da ya yi yana faɗa mana abu ɗaya da iya abin da ya rage masa, mu kuma muna amsa masa da addu'a da bargo. Tausayinsa ya kama ni, ga kuma wani farin ciki da ya cika mini ƙirji, don ashe duk wannan lokacin yana nan, yana jin duk abin da ake faɗa a kansa.

Da ragar ta bushe ƙayau muka koma ɗaki. Yaya ya mayar da su, ya rufe murfin, Inna ta kunna makunnin bango. Esin ya tashi, iska ta fito wasai ba nauyin nan, amma haruffan suna nan suna ƙiftawa.

"Ga shi ba su tafi ba," in ji Inna.

Baba ya miƙa hannu wajen filo. Na ciro rimot na ɗora masa a cinya, na riƙe masa gindinsa don kada ya zame. Bai yi lalube ba. Babban yatsansa ya tafi kai tsaye kan wani ɗan madanni na ƙasa, ya danna ta saman ledar, ya riƙe. Muka zuba wa bango ido. Esin ya yi ɗan ƙara, haruffan suka ɓace, lambar sanyi ta dawo wurinta.

"To," in ji Baba, a hankali, irin wadda yake yi a da in ya gama duba aikin gida ya rufe littafi.

Yaya ya ɗauki kwalin ƙwayoyin daga kan tebur ya tura can cikin aljihu. Ya durƙusa gaban keken, ya kama hannun Baba mai lafiya da hannayensa biyu.

"Baba, ka yafe mini. Na ɗauka ka tafi ka bar mu."

Ya kifa goshi a gwiwar Baba, kafaɗunsa suna rawa. Baba ya zare hannunsa ya ɗora a kan Yaya, ya bar shi a nan. Inna ta share ido da gefen mayafi ta ce bari ta ɗumamo abinci, mutum ya yi aiki ai sai ya ci. Ranar kuwa ya ci, har ya nemi ƙari.

Yana gamawa ya goge baki, ya ɗaga yatsa ya nuna ƙofar falo. Muka tura keken muna bin yatsan, har ya tsaya a kan agogon bango, wanda ya daɗe yana baya da lokaci ba wanda ya kula. Daga nan yatsan ya zarce taga, wajen injin ruwa da ya fara wani kuka tun makon jiya. Yaya ya ja hanci, ya naɗe hannun riga.

"Da wanne za mu fara, Baba?"

Baba ya nuna agogon, ya nuna kujera, sannan ya nuna ni. Na jawo kujerar na hau, na kai hannu kan agogon da tun ina yarinya ake kora ta daga gare shi. Wannan karon shi ne ya aike ni.